Wanda Idonka Ke Gani

Saman soro, unguwar Karantina, Jidda.
An yi isha'i, zafi bai sauka ba.
Mun danne taswira da kofunan shayi huɗu,
ɗan lido mai fuska ashirin na jira a faranti.
Ni ke riƙe da littafi, ni ke jan labari,
in rigima ta tashi kuma ni ne alƙali.

Jazuli, direban tankar ruwa da rana,
da dare shi ne boka mai sandar azurfa.
Tasi'u ɓarawo, Haliru maharbi.
Mudassir kuwa, jarumi mai garkuwa,
wata huɗu ke nan da aka tare shi ba igama,
aka sa shi a jirgi da rigar jikinsa.
Yanzu daga Funtuwa yake wasa,
a cikin wayar da muka jingina da gwangwanin sukari.

To, jaruminsa ya faɗi bayan ginshiƙi a kogo,
numfashi biyu ya rage masa.
Jazuli ya ɗaga cokali: Na jefa surkullen waraka!
Na buɗe shafi, na bi layin da yatsa:
yana kama wanda idonka ke gani,
muddin bai wuce taku talatin ba.

Tasi'u ya ce, ginshiƙi ya tsare, ba ka ganinsa.
Jazuli ya ce, ga kududdufi nan a taswira,
fuskarsa na kwance a ruwan, ina kallo.
Inuwa ce, in ji Tasi'u, inuwa ba mutum ba,
wa ya taɓa shafa wa inuwa magani?
Haliru ya shiga raba gani da hange,
da leƙe, da tsinkaye, da ƙyallawar ido,
sai ka ce ɗaliban nahawu an ba su harafi guda.
Shayi ya huce.
Can nesa wani jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.

Na juya in tambayi mai gawar ra'ayinsa,
sai na tarar layi ya tsinke:
fuskarsa ta daskare a gilashi,
baki buɗe, rabin dariya,
bayansa katangar gidan kawunsa da fitilar caji.

Na daɗe ina dubansa.
Taku nawa ne daga nan zuwa Funtuwa?
Littafin bai faɗa ba.
Wanda ya rubuta dokar nan
bai taɓa raba biredi biyar ba, ya tuna huɗu ne.

Na rufe shi. Na ce, inuwa ta wadatar.
Tasi'u ya buɗe baki, ya bi idona, ya haɗiye.
Jazuli ya hura wa ɗan lido iska, ya wulla,
ya gangara, ya bugi gwangwani, ya tsaya:
goma sha bakwai.

Sai wayar ta motsa, murya na karkarwa:
Kai, me ya faru? Na mutu ne?