Matakala Ɗari da Arba'in da Biyu

A Balfaraiso, inda gidaje ke maƙale a ƙirjin dutse
kamar kaska a wuyan sa,
Eduvigis Carrasco ta sayar da gidan ƙasa
shekara guda cif da binne mijinta.
Ɗaki ɗaya ta kama can sama,
matakala ɗari da arba'in da biyu tsakaninta da titi.

Ta ce, abin da bayana ya hau da shi, nawa ne.
Saura na duniya.

Kabad ɗin surukarta, mai ƙafar zaki, mai warin daɗewa,
ko matakin farko bai taka ba.
Faranti talatin da shida
na baƙin da ba su taɓa zuwa ba
ta raba wa matan masunta a bakin ruwa.
Keken ɗinki ya kai mataki na sittin.
Nan ta zauna, ta dube shi, ta dubi gwiwarta,
ta ƙwala wa 'yar maƙwabta kira:
Ximena, kin iya zura zare? To ɗauka.

Tukunya ta isa sama, da buta mai lotsattsen gefe,
bargon ulu, riguna uku,
wuƙar da Baldomero ke yanka burodi da ita.
Hotonsa ma ta bar wa ƙanwarsa.
Ta ce fuskar nan ba ta da nauyi,
na daɗe ina ɗauke da ita a ka.

Ɗanta ya zo daga Santiyago yana haki,
ya dubi bango wayam, ya ce, Mama, sata aka yi miki?
Ta yi dariya har ta dafe ƙugu.
Da can ne ake yi mini sata, kullum:
goge-goge ya sace safiyata,
makulli bakwai suka sace barcina.

Ba za a ɓoye ba,
wani dare ta laluba neman shuɗin kwanon nan
da uwarta ke kwaɓa gari a ciki,
hannunta ya dawo da iska.
Ta yi kuka. Ta sha shayi. Ta kwanta.

Da ƙasa ta yi girgiza cikin sanyin Yuli
unguwa ta cika da ƙarar gilashi,
kowa na tare abin da ke faɗowa.
A ɗakinta cokali ne kaɗai ya yi rawa cikin kofi.
Ta fito hannu biyu babu komai,
shi ya sa jaririn Ximena ya sami wurin kwanciya.

Yanzu da hantsi takan buɗe taga
ta ƙirga jiragen ruwa
suna nishi da kayan mutane, akwati kan akwati.
Ba nata ko ɗaya.
Ta ja ƙofa, ba ta kulle ba,
ta gangara sayen lemo guda biyu.