Takardun Aljihun Gaba

A kasuwar manyan motoci ta Gadarif
an wanke ta, an shafe ta da shuɗin fenti,
har notocin taya sun sha mai.
Babikir dillali ya bugi ƙirji:
"Tan talatin na riɗi har bakin teku,
ko tari ba ta yi a hawan Sinkat."

Ni kam zuciyata ta riga ta biya.
Kuɗin gonar babanmu suna jaka, suna yi mini ƙaiƙayi.

Suwaiba ce ta ce a buɗe aljihun gaba.
Ƙanwata, wadda ba ta sayen ko tumatir
sai ta juya gindinsa.
Ta zaro damin takardu ɗaure da roba,
masu hatimin shingayen hanya,
shayi ya taɓa zuba a kan wasu.
Ta zauna bisa tsohuwar taya
tana bin layi da yatsa kamar mai tsintar shinkafa.

Kasala, watan uku: iska na zurarewa a birkin baya.
An gyara, in ji hatimi.
Haiya, watan biyar: birkin baya.
Kasala kuma, watan takwas: birkin baya,
lodi ya haura ma'auni da tan huɗu.

"Yaya, fitilar da ta mutu sau ɗaya ba ta dame ni ba,
kowace mota tana da ranar makantarta.
Amma ciwon da ya dawo gida ɗaya sau uku
ya daina zama baƙo, maigida ne."

Daga nan wata bakwai, ba takarda ko guda.
Ina ta kwana? Wa ya yi jinyarta?
Babikir ya duba agogo, ya kira mai shayi,
ya ce takarda ai ba ta jan kaya.

Usta Jibir ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila.
Ya daɗe.
Ya fito da fenti a farce,
ya nuna mana ɗinkin walda a ƙashin bayanta,
tsawon kamu biyu.

Mun tafi da wata mummuna daga can ƙarshen layi,
koɗaɗɗiya, ƙofarta sai an ɗaga take rufuwa.
Takardunta sun sa Suwaiba hamma:
madubi ya fashe, an sauya,
shi ke nan, shekara huɗu.

Jiya na sauko gangaren Sinkat da riɗi cike.
Na taka birki.
Ya amsa.