Ramin da Na Huda a Rufi

Daren farko a bakin kogin Murray
na kwana a motar da na mayar ɗaki,
na farka da asuba kamar an turara ni.
Raɓar numfashina ta taru a rufi
tana ɗigo mini a goshi, ɗis, ɗis,
ƙaurin albasar jiya ya maƙale a labule,
karena Biskit ya zaro harshe yana hararata.

Sai na nufi Mildura, kantin Tobias Wendt,
mai rataye tabarau da igiyar takalmi.
Ya jera mini fanka uku a tebur
kamar mai tallan kankana.

Ta farko mai araha ce, gudu uku gare ta,
amma da hadari ya haɗo sai a rufe murfinta.
Na ce, to daren da ake ruwa ga zafi fa,
in zaɓi jiƙewa ko in zaɓi shaƙewa?
Ya ɗaga kafaɗa. Araha dai ba ta ado.

Ta biyu 'yar gayu ce, da rimot, da wayo,
wai tana jin yayyafi ta rufe kanta,
ta auna zafi ta ƙara gudu ba a sa ta ba.
Shekara talatin ina tuƙa motar 'yan makaranta,
na san ƙarshen duk mai yanke shawara shi kaɗai.
Rimot kuma? Ni da nake cigiyar makulli yana hannuna.

Ta uku ba ta da kyan gani, ƙusumbi gare ta,
rumfa ce a kanta, ko ana sheƙa ruwa tana aiki.
Gudu goma. Ta ja iska ciki, ta tura waje,
murfin kuwa da hannu ake murɗa shi.
Na sa ya haɗa ta da batir, na rufe ido.
A gudun farko ba ta fi numfashin mai barci ba.
Na tambayi wutar da take sha a dare guda,
ya lissafa a bayan rasit, ya turo mini.
Kuɗinta ya ciji aljihu. Na biya.

Da Alby na raye da ya ce a'a.
Shekara arba'in da ɗaya yana nanata mini:
ba a huda rufi, Glenys, ruwa ba ya manta hanya.
Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni nawa daga ciki yake.

Ranar Asabar jikata Imogen ta riƙe tsani.
Na auna sau huɗu, na zana da alli,
na sauko na sha shayi,
na koma na sake aunawa.
Zarto ya kama ƙarfe, haƙorana na amsawa,
har yankin rufin ya faɗa kan katifa
sama ta leƙo ciki, shuɗiya, faɗin faranti.
Na lafta danƙo har ya yi tumbi a gefe.
Ƙusa sha shida, ɗaya ta shiga a karkace,
na bar ta haka.
Imogen ta hau da tiyo ta yi mini damina ta gwaji,
ni ina ciki, fuska sama, ina jiran ɗigo.
Shiru.

Yau ina arewa da Broken Hill, a kan jar ƙasa,
babu fitila ko ɗaya har iyakar gani.
Na buɗe tagar gefen gado yatsa biyu,
fanka na ja, iska na bi ta kan ƙafafuna
da ƙanshin itacen turare.
Sauro na ƙwanƙwasa raga, ba mai buɗe musu.
Ta tsakanin fukafukan da ke juyawa
tauraro ɗaya na ɓuya yana fitowa.
Biskit na minshari.

Alby, ruwa bai shigo ba tukuna.
In ya shigo,
akwai sauran danƙo a ƙarƙashin kujera.