Layi na Uku

Ranar Laraba, bayan an dawo daga tara,
Malam Isyaku ya shigo da takardu a hammata,
alli ya ɓata masa gefen hula.
Ya ce, "Layi uku ne, kowa ya cike nasa:
sunanka, ajinka, da abin da kake so ka zama."

Biyun farko kamar shan ruwa.
Na ukun ya tsaya min a wuya
kamar ƙayar kifi.

Na leƙa ta Tasi'u: likita.
Na leƙa ta Bashari: likita,
Basharin da ke kau da kai in ana yanka kaza.
Mu sittin da huɗu ne a aji,
da Malam ya ƙirga, arba'in sun nufi asibiti.
Ya cire tabarau, ya share ƙwallar dariya,
ya ce, "To, wa kuka bar wa rashin lafiyar?
In wuta ta ɗauke ana tsakiyar tiyata,
wa zai tashi inji, ku arba'in kuna riƙe da wuƙa?"

Ni tawa na miƙa ta fara.

Ba don ban san komai ba.
Kullum in an tashi, daga Gwammaja nake takawa
zuwa Ƙofar Ruwa, rumfar Kawu Sule,
inda matattun fankoki ke jiran tashin alƙiyama.
Na san warin koyil in ya ƙone,
na san jan waya, siririya kamar gashin jariri,
na san naɗi: ka ƙirga, ka ƙirga,
in ka yi kuskuren goma, ka kwance ka sake tun farko.
Amma yaya zan rubuta wannan
kusa da likita da lauya?
Baba yana so ya gan ni a ofis, da biro a aljihu,
ba da baƙin mai a ƙarƙashin farce ba.

Malam ya tsayar da ni a bakin ƙofa.
Bai dubi takardar ba, yatsuna ya duba.
Ya nuna sama, fankar ajinmu
da ta mutu tun muna aji huɗu,
gizo-gizo ya yi mata lulluɓi.
Ya ce, "Nafi'u, wannan fa, ta mutu ko ta suma?"

Asabar na sauke ta.
Lahadi na yini ina ƙirga.
Litinin, sittin da uku suka ɗaga kai,
ta yi tari, ta yi jinkiri,
sannan ta juya.
Takardun likitoci suka tashi sama,
Bashari na bin tasa har ƙarƙashin benci.

Na zaci yabo zan sha. Ina!
Malam ya buɗe littafin maki, ya ɗora yatsa:
"Lissafi, talatin da takwas.
Hannunka ya yi gaba, ya bar kanka a tasha.
Abin da kake naɗawa yana da suna a littafi,
akwai masu karanta shi shekara biyar,
kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai da lissafi.
Sannan makara: sau tara a wata guda.
Wa zai ba makararre mabuɗin shago?"

Ban ce uffan ba. Gaskiya ɗaci gare ta.

Yanzu saura wata biyar jarrabawa.
Tasi'u na koya min lissafi bayan la'asar,
ni ina gyara musu injin markaɗe.
Baba bai ce e ba tukuna,
amma jiya ya turo min rediyonsa, bai ce komai ba.

Takardar tana nan a aljihun rigata.
Na cike layin, amma da fensir.
Malam ya gani, ya ce, "Fensir ma ya yi.
Sai dai ka danna hannu, yaro,
ba na ganin rubutun sosai."