Tawadar Allah a Fuskar Rana

Gyaran agogo nake yi, bakin layin dogo a Agege.
Waya ta kwashe mini ciniki,
ta bar mini lokaci tuli guda.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa daga Apapa
ya ajiye mini madubin hangen nesa jingina,
ido ɗaya a fashe. Bai dawo ba.
Na ɗaure shi a kujera da robar taya,
na hau saman benen Iya Ronke,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.

Ba a haɗa ido da rana.
Wanda ya gwada, sanda zai saya.
Baya na ba ta, na tara farar takarda,
ta sauko da kanta ta zauna,
faifan haske, yana ɗan rawa.

Ga ɗigo uku daf da gefe.
Na hure. Na goge gilashi da bakin riga.
Suna nan.
Hansatu jikata ta ce, "Kaka, tawadar Allah ce."
Ta bi su da fensir, ta rubuta: Talata, ƙarfe takwas.

Laraba sun gusa, faɗin ƙwayar shinkafa.
Alhamis ma haka.
Juma'a hadari ya taso daga teku,
kwana uku unguwa na iyo,
takardunmu ba komai sai kwanan wata.

Da gari ya washe muka tarar da su a tsakiya.
Biyu. Ɗayan ya narke ba sallama.
Jirgi ya tashi daga Ikeja,
ya ratsa faifan, baƙi ƙirin kamar ƙuda.
Hansatu ta yi ihu, fensir ya gangara kwata.

Can ɗaya gefen suka sirance,
suka lanƙwasa, suka shige baya.
Na jera takardu a kan tabarma:
gefe zuwa gefe, kwana sha uku da rabi.
Ninka biyu. Ashirin da bakwai.
Ashe ita ma juyi take,
ba ƙara, ba mai ɗaura ta.

Iya Ronke na kwashe shanya, ta ce,
"Baba, nawa za a biya ka?"
Na ce ko sisi.
Ta girgiza kai ta sauka.

Shekara talatin ina buɗe bayan agogo.
Wannan ba zan ga bayansa ba.
Yau kwana goma sha biyu da ɓacewarsu.
Hansatu ta fiƙe sabon fensir.