Abin da Ya Rage na Ganuwarmu

Daga bayan makarantar firamare take farawa.
Tudu ne kawai yanzu, bai kai ƙugun babba ba,
awaki ke hawa su leƙa gonar Nomau.
In ka bi ta da ƙafa
za ta ɓace maka wajen injin niƙa,
ta sake ɓullowa bayan mahauta,
kamar zancen tsoho da tari ke katsewa.

Kakata Tumba ta ce kowane gida da kamunsa.
Namu daga kukar can zuwa bakin rijiya.
Maza na cuɗa ƙasa,
mata na jido daga gulbi har wuya ya sage.
Wanda ya yi ha'inci, ta wurinsa mahara za su shigo,
kuma gari zai san sunan gidan.

Gwalalon da aka cika da sarƙaƙiya
don doki ya yi turjiya,
yau rake ne a ciki.
Ya fi ko'ina riƙe laima.
Ƙyauren ƙofar yamma, na kirya,
wanda ƙarti shida ke turawa da almuru,
shi ne gadar da muke takawa zuwa kasuwa
ran da za a tafi Gummi.

Ba maƙiyi ya ci ta ba.
Mu muka cinye ta, kwando kwando.
Ɗakin da aka yanke mini cibi
da jar ƙasarta aka yi shi,
haka rumbun Anaruwa, haka katangar masallaci.
Muka ce ai zaman lafiya ya zo,
me tudu zai yi wa mutum?

Sai bara, daren wata Talata,
babura suka shigo ta inda babu ita.
Ba zan lissafa ba.
Gidan Jatau dai har yau a rufe yake.

Da muka fito da diga da shebur
aka yi ta gardamar inda za a haƙa.
Ƙasa ce ta raba mu.
Inda kakanni suka taɓa sara
nan ta yi laushi, ta buɗe ba musu.
A taku na arba'in Ɗanjumma ya tono bakin kibiya,
ya goge tsatsar a wandonsa,
ya jefa aljihu, bai ce komai ba.

Ba wanda ya raba aikin.
Na ɗaga kai kawai na gan ni
tsakanin kuka da rijiya.

Yanzu ni ke tsaro daren Lahadi.
Ina zama kan guntun da ya rage,
tocila a cinya, waya ba sabis.
Ƙasar kan riƙe zafin rana har tsakar dare.
Nakan dafa ta da tafin hannu
yadda ake dafa wanda aka yi wa laifi,
in kasa kunne wajen daji.