Filogi Huɗu a Inari

Ƙarfe biyar na asuba, a Inari.
Sanyi ya kai talatin ƙasa da sifiri,
tafki ya daskare har ana bi ta kansa da mota.
Na murɗa makulli rabi, na dakata,
ina jiran 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa,
mai kama da wayar da aka nannaɗe,
ta mutu tukuna. Haka Baba ya koya min:
"Ƙirga goma, Aulikki. Dizal ba ya son gaggawa."

Na ƙirga. Na murɗa.
Inji ya yi tari irin na tsohon mashayin taba,
ya tashi da ƙafa uku yana ɗingishi.
Farin hayaƙi ya turnuƙe bayan gida,
warin ɗanyen mai har ɗakin girki.
Ga buhunan wasiƙu a baya,
ga maganin mutanen ƙauye uku suna jira.

Ɗaya ya mutu, ke nan.
Wataƙila ma ya daɗe da mutuwa.
A watannin da rana ba ta faɗuwa
inji kan tashi ko ba a ɗumama masa ciki ba,
wa ke tambayar lafiyar filogin ɗumi?
Sai dare ya yi tsawo,
sai numfashi ya daskare a gashin ido,
ake sanin wanda ke nan da wanda ya tafi.

Na buɗe littafin Baba mai tabon yatsu.
Kilomita dubu ɗari da bakwai
tun ranar da ya ɗaura su da hannunsa,
hannun da yau ba ya iya riƙe kofi.
Na ce, zan canza guda ɗayan.
Ya girgiza kai: "Tare suka shiga, tare suka sha wuta.
Huɗun za ki cire.
Bara Toivo ya rasu, kafin ƙanƙara ta narke Reino ya bi shi."
Sai ya yi shiru, ya juya yana kallon taga.

Kwana uku ina ɗiga musu mai, safe da yamma,
kamar mai jinyar kunne.
Na bar inji ya yi zafi, sannan na ɗauki sifana.
Na fari ya fito salin-alin.
Na biyu ya yi ƙarar ƙyauren da aka manta da shi.
Na huɗu ma bai yi gardama ba.
Na uku ya kafe.

Rubu'in juyi gaba, rubu'i baya.
In ya karye a ciki, sai an sauke kan inji,
sai an ja motar har Rovaniemi,
albashin wata biyu ya tafi.
Na fara sa ƙarfi, haushi ya kama ni,
sai na ji ƙwas, ƙwas, a gilashin taga:
Baba ne, da cokalin shayi.
Na ajiye sifana. Na shiga na sha kofi.

Da azahar, cikin shuɗin hasken nan
da ba dare ba, ba rana ba,
ya saki da kansa.
Bakinsa ya kumbura, ya yi baƙi ƙirin
kamar ashanar da aka ƙyasta aka yar.
Duk aikinsa 'yan daƙiƙu ne kafin a tashi,
ya yi ja-wur a cikin duhu, ba mai gani.

Baba ya ce in miƙo masa.
Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya shinshina,
ya jefa a tsohon gwangwanin kofi
inda wasu goma sha biyu ke kwance.

Washegari fitilar ta mutu ina kan huɗu.
Sababbin ba sa ɓata lokaci.
Na ci gaba dai, biyar, shida, har goma.
Inji ya tashi bugu ɗaya, ba tari.
Na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin rubutunsa,
alƙalamin ya daskare a tsakiyar lamba,
na sa shi a baki na hura masa.